Ƙafafun Aisi da Ruwan Kainji

A shekarar 1968 aka gama toshe kogin Kwara a Kainji, ruwa ya juya baya ya fara hawa tudu. Ya shanye tsohuwar Bussa, ya rufe gungu da dama na Gungawa, ya ci wani ɓangare na Yelwa, har ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Mutum kimanin 44,000, Bussawa da Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Yawurawa, suka bar gidaje da gonaki da makabartun kakanninsu, aka mai da su sababbin matsugunai. A Fabrairun 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe tashar da injuna huɗu, kowanne mai ƙarfin megawat 80. Zuwa 1978 injunan sun zama takwas, ƙarfinsu gaba ɗaya megawat 760.

A waccan shekara ta 1968, injiniyoyin kamfanin motoci na General Motors a jihar Michigan ta Amurka suna fama da wata matsala da ba ta kai a buga ta a jarida ba. Duk lokacin da aka sauya fasalin mota, sai an kwance ɗaruruwan wayoyi a akwatunan da ke sarrafa injunan masana'anta, a sake ɗaura su ɗaya bayan ɗaya. Suka nemi a ƙera musu na'urar da za a sauya wa aiki ta hanyar sake rubuta umarni kawai.

Labaran nan biyu sun haɗu a bakin tafki bayan shekara hamsin. Fitilar sola da ke kan titi a Yelwa, da mitar wuta mai kati, da akwatin da ke kunna famfon burtsatse a Gebbe ko Dugu Tsoho a ƙasar Shanga, kusan kowannensu yana ɗauke da wata baƙar ƙwaya wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Masu gyara suna kiran irin waɗannan ƙwayoyi aisi. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce maikurokontirola, wato aisin da ya haɗa sashen lissafi da ma'ajin umarni da ƙofofin hulɗa da waje a jiki ɗaya. Ƙofofin nan su ne 'yan siraran ƙarafan da ke jere a gefunanta, waɗanda masu gyara ke kira ƙafafu. Duk abin da aisin ya sani game da duniya ta ƙafa ya shigo, duk abin da ya aikata ta ƙafa ya fita.

Kafin silikon

Sunan "gidan waya" ya samo asali ne daga wayar tangaraho da gwamnatin mulkin mallaka ta ja a kan turaku a Arewa a farkon ƙarni na ashirin. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin cewa wutar da aka tura cikin doguwar waya tana raunana kafin ta isa. Maganin da suka gada daga gwaje-gwajen Joseph Henry na wajen 1835, wanda Samuel Morse ya yi amfani da shi a layin Washington zuwa Baltimore na 1844, shi ne rile. Ana naɗa siririyar waya a jikin ƙarfe. Idan 'yar wuta ta ratsa naɗin, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya jawo wani harshe na ƙarfe, harshen ya haɗa wata hanyar wuta dabam mai nata batir.

Manomin rani a fadamar Shanga ya san wannan dabara tun kafin a ba ta suna. Yana ɗauke ɗan curin laka daga bakin fangali da hannu ɗaya, ruwan da ya fi ƙarfin mutum goma ya kwarara ya cika fangalin. Ƙarfin na ruwa ne, hukuncin buɗewa da rufewa na manomi ne.

A 1937 wani ɗalibi mai shekara 21 a jami'ar MIT, Claude Shannon, ya nuna cewa da rile ana iya gina hukunci na hankali. Idan aka jera rile biyu a layi guda, wuta ba ta wucewa sai duka biyun sun rufe, wato famfo ya tashi idan tanki ya sauka kuma rijiya tana da ruwa. Idan aka sa su kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ma ya isa. Da irin wannan tsari aka riƙa sarrafa tashoshin wuta da masana'antu da musayar tarho a zamanin da aka gina Kainji: jerin akwatunan ƙarfe cike da rile, suna ƙara kamar ana tauna aya. Suna aiki, amma harsunansu suna cinyewa, ƙura tana shiga tsakaninsu, kuma hukuncin da suke yankewa yana ɗaure a jikin wayoyi. Amsar da General Motors ta samu a 1969, na'urar Modicon 084 ta Dick Morley da abokan aikinsa, ta cire hukuncin daga wayoyi ta mai da shi rubutu a ma'aji. Wayoyin da suka rage iri biyu ne, masu kawo labari da masu kai umarni.

Yadda ɗaki ya koma ƙwaya

An ƙirƙiro tiransisto a ɗakin binciken Bell a 1947, makunni marar harshe, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. A wannan ɗakin bincike ne kuma, a 1959, Mohamed Atalla, haifaffen Port Said ta Masar, da Dawon Kahng, ɗan Koriya, suka ƙera nau'in tiransiston da ake buɗewa da matsin lantarki kawai, kusan ba ya shan wuta a ƙofarsa. Shi ne ke tsaye a bayan kowace ƙafar aisi ta yau. A 1963 Frank Wanlass na kamfanin Fairchild ya nuna yadda ake haɗa irinsu biyu masu kishiyar ɗabi'a, idan ɗaya ya buɗe ɗayan ya rufe.

Intel ta fitar da 4004 a 1971, tiransisto kimanin 2,300 da ƙafafu 16, amma sai an haɗa ta da wasu ƙwayoyi kafin ta yi aiki. TMS1000 na kamfanin Texas Instruments, wanda ya shiga kasuwa a 1974, ya tara komai a ƙwaya ɗaya, ya shiga na'urorin lissafi da kayan wasan yara da murhun lantarki. Ƙafafunsa kuwa an raba musu aiki tun daga masana'anta: huɗu ne kawai na sauraro, sauran masu hulɗa da waje na umarni ne. Wanda aikinsa ke buƙatar ƙafafun sauraro takwas sai ya nemi dabara.

Ƙafa tana da tsada. Kowacce tana buƙatar siririyar waya da za a liƙa daga silikon zuwa ƙarfe, da gurbi a jikin baƙin gidan, don haka ba a iya ƙara su yadda aka ga dama. Mafita ita ce a bar wa mai rubuta umarni ya zaɓa wa kowace ƙafa aikinta. Ƙwayar Motorola 6820 ta 1974 tana da rajista ta musamman don wannan zaɓi. Intel 8048 ta 1976 ta zo da layukan shiga da fita 27, ita ce a cikin allon rubutun kwamfutar IBM ta 1981. Intel 8051 ta 1980 tana da 32, kuma har yau ana ƙera jikokinta. Daga baya wasu ɗalibai biyu a Trondheim ta Norway, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka tsara AVR, kamfanin Atmel ya fitar da shi a 1997. A 2005 malaman wata makarantar zane a garin Ivrea na Italiya suka ɗora AVR a kan allo mai araha suka sa masa suna Arduino. Samfurin Uno na 2010 yana ɗauke da ATmega328P mai ƙafafu 28, waɗanda 23 daga ciki ana iya sa su ko dai su ji ko su umarta. Da ita za a yi misali daga nan.

Ƙafa mai sauraro

A cikin aisin akwai wasu ƙananan gurabe na ma'aji da ake kira rajista, kowane gurbi yana riƙe da sifili ko ɗaya. Kowace ƙafa tana da gurbi a rajista uku. Ta farko, DDR, ita ce mai rabon aiki: sifili yana nufin ƙafar ta saurara, ɗaya yana nufin ta umarta. Ta biyu, PORT, tana riƙe da abin da za a fitar. Ta uku, PIN, tana nuna abin da ƙafar ke ji a daidai wannan lokaci. Da zarar an kunna aisin, duk ƙafafunsa a matsayin masu sauraro suke farawa, domin ƙafar da ke sauraro ba ta iya ƙona kowa.

Abin da ƙafa ke ji shi ne matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt. Idan aisin yana aiki da bolt 5, duk abin da ya kai bolt 3 ko ya haura ana karanta shi ɗaya, duk abin da bai wuce bolt 1.5 ba ana karanta shi sifili. Tsakanin 1.5 da 3 babu alkawari. Wutar da ƙafar ke sha wajen wannan aunawa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya ba, don haka tana jin abu ba tare da ta sauya shi ba.

Wannan kaifin ji shi ne kuma rauninta. A ɗauki tankin burtsatse mai makunnin da ke yawo a kan ruwa, wanda ke haɗa waya idan ruwa ya cika, ya rabu da ita idan ya sauka. Lokacin da makunnin ya rabu, wayar ba ta haɗe da komai. Ƙafar ba ta yin shiru, sai ta kama duk wani jita-jitan lantarki da ke cikin iska, daga janareton maƙwabci, daga wayar salula, har daga hannun da ya matso kusa. Famfo ya riƙa tashi yana mutuwa ba dalili, a ce aljanu sun shiga injin. Magani shi ne rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, a ɗaure shi tsakanin ƙafar da bolt 5. Yana riƙe ta a kan ɗaya da lallami, sai makunnin ya rufe ya jawo ta zuwa sifili da ƙarfin da ya fi nasa. ATmega328P tana da irin wannan rizisto a ciki, mai om 20,000 zuwa 50,000, kuma ana kunna shi ta hanyar rubuta ɗaya a PORT alhali ƙafar tana sauraro.

Matsala ta biyu ta sauri ce. Idan ƙarfe ya bugi ƙarfe a makunni, yana 'yan tsalle-tsalle na kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa kafin ya zauna. Mutum ba ya gani, amma aisin da ke bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa yana ƙirga dannawa ɗaya a matsayin goma. Shi ya sa mai rubuta umarni ke sa shi ya ɗan dakata ya sake dubawa kafin ya gaskata. A tanki kuwa, inda ruwa ke kaɗawa, ana sa makunni biyu, na ƙasa ya tayar da famfo, na sama ya kashe shi.

Ƙafa mai umarni

Idan aka rubuta ɗaya a DDR, tiransisto biyun nan na Wanlass su karɓi ƙafar. Na sama yana haɗa ta da bolt 5, na ƙasa yana haɗa ta da sifili, kuma ba sa buɗewa tare. Abin da aka rubuta a PORT shi ke zaɓar wanda zai buɗe. Iyakar aikin ke nan.

Wutar da ƙafa ɗaya ke iya bayarwa cikin aminci miliamfiya 20 ce, a 40 kuwa an isa bakin halaka. Bolt 5 sau miliamfiya 20 ya ba da kashi ɗaya cikin goma na wat. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana buƙatar wat 746, wato aikin ƙafafu kusan 7,500. Kafin a kamo megawat 760 na Kainji sai an tara ƙafafu biliyan 7.6. Ko 'yar fitilar nan mai ƙyalli da ke gaban caja, sai an sa mata rizisto mai kamar om 220 kafin a haɗa ta da ƙafa, don wutar ta tsaya wajen miliamfiya 14.

Saboda haka ƙafa ba ta ɗaukar kaya da kanta. Tana buɗe tiransisto na waje, shi ya tura wuta cikin naɗin rile, rilen ya haɗa famfo da farantan sola ko layin wuta. Dabarar Henry ce ta 1835, an ƙara mata mataki ɗaya a gaba. Akwai kuma wani tarko a wannan mataki. Idan aka yanke wutar naɗin rile farat ɗaya, maganaɗisun da ke rushewa yana mayar da bugu mai matsin da ya ninka bolt 5 sau da yawa. Ana ɗaura dayod, wato ƙofar da wuta ke bi ta fuska ɗaya kawai, a gefen naɗin don ya shanye bugun. Dayod ɗin yana cikin mafi arahar kayan da ke kan allon, kuma rashinsa ya isa ya kashe allon gaba ɗaya. Haka nan idan aka haɗa ƙafafu biyu masu umarni a waya guda, ɗaya tana cewa ɗaya, ɗaya tana cewa sifili, wuta za ta kwarara tsakaninsu ba shamaki har ɗayarsu ta ƙone. Sarki biyu ba sa zama gari ɗaya.

Ƙafar umarni ba ta san rabi ba, amma tana da sauri. Idan ta kunna ta kashe sau 490 a daƙiƙa, kamar yadda wasu ƙafafun Uno ke yi, tana ba kunnawa rubu'in lokaci, fitila za ta yi haske kaɗan, ido ba zai ga ƙiftawar ba. Haruffan PWM da ke jikin akwatunan cajin batirin sola a kasuwa sunan wannan dabara ne. Idan batir ya kusa cika, aisin yana taƙaita lokacin kunnawa don kada ya dafa shi.

Mita goma na ruwa

Kogi ba ya magana da sifili da ɗaya. Tafkin Kainji yana karɓar ruwa sau biyu a shekara. Farar ambaliya tana zuwa ne tsakanin Agusta da Oktoba, ruwan damina mai laka daga yankunan da ke kusa, har da kwarin Sakkwato da Rima. Baƙar ambaliya ruwan tsaunukan Gini ce, wadda ta yi watanni tana ratsa fadamun Mali, ta sauke lakarta a can, ta iso da sanyin hunturu. Tsakanin cikar tafkin da saukarsa akwai tazarar kusan mita 10, kuma a ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari ne mutanen bakin tafki ke shuka, Sarkawa su bi kifi, Fulani su sauko da shanu.

Don irin wannan awo, shida daga ƙafafun Uno suna da wani kunne na daban. Maimakon su ce ɗaya ko sifili, suna raba tazarar da ke tsakanin sifili da bolt 5 zuwa matakai 1,024, kowane mataki kimanin kashi biyar cikin dubu na bolt. Idan aka nutsar da na'urar auna nauyin ruwa wadda ke mai da zurfin mita 10 zuwa bolt 5, mataki ɗaya ya zama kusan santimita ɗaya. Aisin ya karanta lambar, ya tura ta ta wasu ƙafafu biyu zuwa allon da ke ɗauke da layin waya, saƙo ya tafi. A bisa wannan tsari ake gina tashoshin auna kogi masu aiki da kansu. Hukumar NIHSA mai kula da ruwayen Nijeriya tana sa ido kan tsayin Kwara a Jidere Bode, inda kogin ke shigowa jihar Kebbi, Hukumar Kwarin Neja da ke Yamai kuma tana tattara awo daga ƙasashen da kogin ya ratsa.

Ambaliyar 2012 da ta 2020, wadda ta cinye shinkafa mai ɗimbin yawa a Kebbi, da ta 2022, sun nuna inda sarƙar ke da gajeren zobe. Auna ruwa ya yi sauƙi. Abin da ya rage shi ne lambar ta isa kunnen manomin da ke fadama, cikin harshen da yake ji, tun yana da kwanakin da zai kwashe abin da ya kwasu. Wannan ɓangare ba ƙafar aisi ke yin sa ba, aikin mai unguwa ne da limami da gidan rediyo da jami'in gona.

Mai riƙe da mita

Masarautar Yawuri, da ƙananan hukumominta uku, Yawuri da Ngaski da Shanga, ta ba da ƙasa domin wutar da ta haskaka birane masu nisa. Dokar da ta kafa hukumar HYPPADEC a 2010 amincewa ce da cewa al'ummomin da ke zaune kusa da madatsun ruwa suna bin ƙasa bashi. A ƙauyuka da yawa na bakin tafki, wutar da ake dogara da ita yau daga rufin ɗaki take saukowa, daga farantin sola zuwa batir, kuma tsakaninsu akwai aisi mai yanke hukunci.

Irin waɗannan kayan suna da wuraren da suka saba mutuwa. Tsawa ta faɗi kusa, doguwar wayar da ta taso daga tanki ta kwaso bugun ta kai wa ƙafar sauraro. Harshen rile ya narke ya manne. Danshi ya ci dalmar da ke riƙe da rizisto. An haɗa na'urar bolt 5 da aisi irin ESP32 na kamfanin Espressif, wanda ƙafafunsa ba sa jure fiye da bolt 3.3 da 'yan kai. A mafi yawan waɗannan, farantai da famfo da tanki lafiyarsu ƙalau. Wanda ya san cewa ƙafar umarni dole ta nuna sifili ko cikakken matsi, zai ɗora mita a kanta, ya bi sawun wutar daga ƙafa zuwa tiransisto, daga tiransisto zuwa rile, ya gano inda ta tsaya. Wanda bai sani ba zai ce a sayo sabon akwati daga Kano ko Onica, kafin a haɗa kuɗin kuwa mata da yara sun koma ɗiban ruwa a kogi.

Ana koyar da wannan ilimi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero, kuma masu gyaran waya a kasuwar Yelwa sun riga sun iya rabinsa da hannu, tun da kullum suna ɗaga aisi da iska mai zafi suna mayarwa. Abin da ya rage musu shi ne karatun takardar bayanin ƙwaya, wadda kamfanoni ke sakawa kyauta a intanet, da sanin rajista uku. Duk wanda ke sa hannu a kwangilar burtsatse ko fitilun titi a ƙasar Shanga yana da tambayoyi biyu da ya kamata ya yi kafin ya biya: wace ƙwaya ce a cikin akwatin, kuma wa aka koya wa auna ƙafafunta a garin.